Gayyar da Muka Yi wa Gwaggo a Kufan 'Yandoto

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma, wannan ba mai ja. Gwaggo, yayar mahaifina, ta koma ranar wata Laraba da hantsi, bayan an gama kai dawa rumbu, muka kai ta makwanci kafin azahar. Ta tsufa tukuf, ba wanda zai ce an yi mata gaggawa. Ni abin da ya tsaya mini a wuya bakin 'yan gaisuwa ne.

Kwana uku zauren yayana bai rabu da mutane ba. An zo daga Tsafe, an zo daga Bungudu da Nahuce, har abokan fataucina na Gusau sun ɗaure jakai sun zo. Kowa ya zauna ya shafa fatiha, sai ya girgiza kai ya ce an yi rashi. Limaminmu ya ce, "Yau anka rufe littafin 'Yandoto." Shi ne fa mutumin da ya yi shekaru yana aiko mata cewa mace ba ta da abin yi a maƙabarta. Wani dattijo daga Tsafe ya dube ni ya ce, "Ai dai kun riƙe abin da tas sani, ko?" Yayana ya yi wuf ya ce, "Awo, an riƙe abin da ya sawwaƙa." Na dube shi, shi kuwa ya dubi tabarma. Daga cikin gida ina jin wata maƙwabciya tana rusa kuka, tana cewa yanzu wa zai riƙa ɗebo mata tsamiya. Wallahi hawayen matar nan ya fi mini na kowa, don ita dai ta san abin da ta rasa.

Babu abin da muka riƙe. Ina so a ji wannan daga bakina tun ƙaryar ba ta yi saiwa ba. Gwaggo ita kaɗai ta rage a duniya da ta san kabarin wane ne wannan, na wane ne wancan, a tsohuwar maƙabartar malamai ta kufan 'Yandoto. Ta tafi da abinta, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu.

Wanda bai san wurin ba, kufan yana bayan gonakinmu, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba. Ganuwar ta zube ta zama tudu mai tsawo, akwai manyan kukoki, akwai ramukan marina da suka cika da ƙasa, kuma duk inda ka sa ƙafa sai ka taka fasasshen kasko. Tun muna tasowa muke jin cewa gari ne na karatu tun kafin kakannin kakanni, malamai na zuwa daga Barno, daga Katsina, daga can yamma mai nisa, su zauna har su mutu a nan. Da yaƙi ya watsa garin, kakar Gwaggo ta wajen uwa tana budurwa. Ba ta yi nisa ba, ta yi aure kusa, ta ci gaba da zagaya kaburburan. Ita ta nuna wa Gwaggo, kabari bayan kabari, da ƙafa da hannu.

Gwaggo gajeriya ce, baƙa, mai ƙaramar murya da ba ta san rarrashi ba. Ta haihu sau huɗu, ba wanda ya yi rai, da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu. Ba ta iya karatu ba, iyakarta surorin salla. Amma kowace shekara, in bazara ta yi zafi kafin ruwan shuka, sai ta ɗauki ƙwarya da 'yar fartanya ta nufi kufai. Tana ɗebo ƙasa tana ƙara wa kowane kabari inda ya lotsa, ta dafa wani abu a wajen kansa, ta gaishe shi kamar ta shiga gidan mutum. "Ina kwana, Malam na Barno. Ina kwana, mai gyaran takardu. Ina kwana, Inna mai karantar da mata." Bayan gaisuwar sai ta kira ainihin sunan a hankali, da sunan uban. Sun fi arba'in, kuma ba ta taɓa gama su a ƙasa da mako guda ba, don ba ta gaggawa.

In ka tambaye ta sunayen a gida, sai ta ce, "Nan ba su nan. Taho mu tai can." Ko da me za ka haɗa ta, ba ta ƙara kalma.

Rigimarta da mahaifina kowa ya san ta. Lokacin da Nasara suka zauna, aka fara sayen auduga da gyaɗa a Gusau, ƙasa ta yi daraja, kowa yana neman inda zai ƙara kunyar noma. Baba ya ga gefen kufai ƙasa ce baƙa mai taki, ya sa mu sassabe. Mun ja kunya uku ke nan sai ga Gwaggo. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta zauna a kan kunya ta huɗu, ta miƙe ƙafa, ta ciro goro.

Baba ya ce, "Yaya, ki tashi, rana na yi."

Ta ce, "Ka yi nomanka. Ni wurin mutane niz zo."

"Waɗanne mutane? Nan ko tudu babu!"

"Biyu na ƙarƙashina, guda na ƙarƙashinka. Wanda kaka takawa ya hi ka sanin Ƙur'ani."

Baba ya ja da baya har yana tuntuɓe. Ya yi fushi, ya yi wata biyu ba ya shiga ɗakinta gaisuwa, yana cewa matattu sun fi rayayyu gona a gidan nan. Ita kuwa kullum tuwonsa na safe ita ke ɗumama masa, ta aika ba tare da ko sannu ba. Da kaka ta yi, shi ya fara kai mata damin gero. Ba a sake noma wurin ba har ya rasu.

A shekarar yunwa wasu Fulani suka sauka kusa da ganuwa da ragowar shanunsu, jaririyar wata mata a cikinsu ta rasu. Baƙi ne, ba su san kowa ba, mutanen gari kuma kowa na fama da cikinsa. Gwaggo ta je ta wanke yarinyar da hannunta, ta yage farin mayafinta aka yi likkafani, ta sa ni da yayana muka haƙa a gefen malaman. Da aka rufe, sai ta koma gida ta ɗauko tulunta, lafiyayye, ta buga shi da ƙasa, ta ɗauki wuyan ta kafa a wajen kan. Na ce a raina baƙin ciki ne ya taɓa tsohuwa. Tun daga shekarar, in ta gama gaida malamai sai ta tsaya a can ta ce, "Ina kwana, ɗiyar baƙi." Ina tsaye na ga an kafa wuyan tulun nan da idona, amma ban tambayi kaina dalili ba. Kai, wani wautar sai ɗan Adam!

Ni ta zaɓa, wannan ma ba zan ɓoye ba. Ban san me ta gani a wurina ba. Kowace bazara sai ta leƙo ta ce, "Na-Gusau, bana ka kama min ƙwarya?" Haka take ce mini, don kullum ina kan hanya da jakai. Ni kuma kullum da amsata. Bari in kai gyaɗar nan. Bari in dawo. Jakina ya yi ɗingishi. Shekara ta bi shekara, na yi furfura ina cewa bari in dawo. Sau ɗaya na bi ta, muka yi kabari shida, rana ta buɗe, na tuna ana jirana a Tsafe, na ajiye mata ƙwaryar na tafi. Ko sunan ɗaya daga shidan bai zauna mini ba.

Wata shekara na yi abin da nake ganin dabara ce. Na ɗauko wani malami abokina da takarda da tawada, na kai shi ƙofar ɗakinta, na ce ta faɗa ya rubuta, kowa ya huta. Ta dubi takardar ta ce, "In ya rubuta, takardar ta ka zuwa ta ƙara musu ƙasa?" Na ce ba haka nake nufi ba. Ta ce, "Ku taho can da takardar taku, in nuna muku." Malamin yana da ɗalibai na jiransa, ni ina da kaya a ɗaure. Muka ce sai wani jiƙon. Na fita ina huci, ina ce wa matata tsohuwar nan taurin kanta ya fi na jakina. Har yau ina jin haushinta a kan wannan, Allah ya gani. Da ta sassauta ko kaɗan, da yanzu muna da wani abu a hannu. Amma me ta nema? Mako ɗaya ne fa, a cikin shekara talatin.

Bara waccan ta faɗi a bakin rijiya, ƙugu ya goce, ba ta ƙara tafiya da ƙafarta ba. Bazara ta zo ta wuce ba a je kufai ba. Wata bazarar ta sake zagayowa. Na shiga gaishe ta na tarar ta sa an jingine mata ƙwaryar da fartanyar inda za ta riƙa ganinsu. Ganinsu a wurin ya ci mini rai. Na je na duba wurin, na tarar sabara da ƙaya sun rufe shi, shanu sun yi hanya ta tsakiya. Kunya ta kama ni. Na ce wa yayana mu yi mata abin da ba a taɓa yi mata ba, mu kira gayya, mu gyara wurin tas, sannan mu ɗauke ta mu kai ta ta gani. Muka ɓoye mata don ta ji daɗi.

Gayya ta amsa. Maza sun fi talatin, da makaɗi, mata suka dama fura tulu-tulu. To mu manoma ne, kuma mun yi wa wurin abin da manomi ke yi wa fili in yana ƙaunarsa. Muka sare sabara, muka tara muka ƙone. Sannan muka bi muka tsince duk wani dutse da kasko da guntun ƙarfe da ke warwatse, don a wurinmu fili mai duwatsu fili ne na rago. Ni na ba da shawarar a jera su a kewaye su zama shinge saboda shanu, aka ce kai, wannan hankali ne. Da aka share, sai muka ga tudun kaburburan sun lafe, wasu sun karkace, wasu ba ka ce akwai su ba, ga gibi nan da can. Wani ya ce ai ba a bar malamai a hargitse ba. Aka ja igiya. Muka tayar da ƙasa sahu-sahu, kowane tudu daidai da ɗan'uwansa, kai na duban inda ya kamata, inda muka ga gibi muka cike. Makaɗi na zuga mu, muna gasa. Kafin la'asar wurin ya fito fes, ko gonar sarkin noma albarka. Na tsaya a kan ganuwa ina kallo, ƙirjina ya cika, ina cewa yau na biya Gwaggo.

Washegari da safe muka ɗora ta a kan jakina mafi sanyin hali, yayana na riƙe da ita ta dama, ni ina ja. Mutanen gayya suka biyo mu don su ga murnarta. Tana ta tsiya a hanya, wai Na-Gusau yau ya rasa gyaɗa ya ɗauko tsohuwa. Da muka zagayo ganuwa filin ya bayyana, sai maganar ta yanke.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Mi kunka yi nan?"

Na ce, "Gyara munka yi miki, Gwaggo."

"Ina duwatsun?"

Na nuna mata shingen, har da ɗan murmushina. Na ce shanu sun bar shiga ke nan.

Ta ce a sauke ta. Muka shimfiɗa mayafi, ta ƙi, ta zauna a kan ƙasa. A nan ne, a gaban mutum talatin, na ji abin da ya kamata in sani tun ina saurayi. Ba da tudu take gane su ba, tudu ruwa na cinye shi kowace damina. Kowane kabari da alamarsa a wajen kai. Wannan farin dutse, wancan baƙi mai tsaga, wancan kunnen tukunya, wancan guntun ƙarfen maƙera. Kakarta ta gaji wasu, ta sa wasu, ita ma ta sabunta waɗanda suka ruɓe. Abin da take dafawa ke nan in za ta yi gaisuwa. Suna yana jikin alama, alama tana kan mai ita. Mu kuwa mun kwashe su duka mun yi wa shanu katanga.

Ba ta yanke ƙauna nan take ba. Akwai wata tsamiya da muka bari, ta ce a ja ta zuwa gindinta. Daga nan ta riƙa jan jiki da hannu, tana auna ƙasa da kamu, tana motsa baki. Ta dafa tudu na farko ta gaishe shi. Ta dafa na biyu. A na uku ta tsaya, ta dubi tsamiyar, ta dubi igiyar da muka manta a ƙasa, ta ce, "Nan da hanya ta. Ba kowa nan." Mun yi wa hanya kabari. Ta matsa gaba kaɗan, ta ɗaga hannu za ta dafa na gaba, ta fasa.

Yayana ya tsuguna kusa da ita ya ce, "Gwaggo, ki dai hwaɗi yadda kika tsammani, mu riƙe hakanan. Wa zai sani?"

Ta ce, "Su sun sani."

Na so ta zage ni, wallahi na so. Na so ta kira ni abin da ta ga dama a gaban jama'a, in ji sanyi. Sai ta juya wajen mutanen gayya ta ce, "Sannunku da aiki. Kun sha rana. An ba ku hura ta ishe ku?" Suka ce an ba su. Ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa duk wanda ya amsa gayya, sannan ta ce a mai da ita gida, ƙugunta na ciwo.

Ta ƙara damina ɗaya a duniya. Na daina zuwa Gusau, yanzu da ba amfani. Kullum ina ƙofar ɗakinta ina roƙo ta ba ni sunayen ko ba wurin, in riƙe su haka. Wani lokaci ta yi kamar barci take, wani lokaci ta tambaye ni ko an yi wa dawa maimai. Sau ɗaya kawai ta amsa. Ta ce, "In na ba ka, bayana wani za ya matsa maka, ka ji kunya, ka nuna mai wuri. Na san ka, ba ka iya hana baƙo." Na fita na zauna bayan rumbu, ni da furfurata, na yi kuka na haushi. Har ta cika ba ta sake kiran ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba ta taɓa ɗaga mini maganar gayya ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya haɗa ta da mutanen da ta yi shekara sittin tana gaisarwa. Allah ya yafe mata taurin kanta, mu kuma ya yafe mana namu gyaran.

Bayan sadakar arba'in da 'yan kwanaki, wani baƙo ya yi sallama a zaurena da hantsi. Dattijo ne, ƙafafunsa sun yi kaushi, daga ƙasar Zazzau ya taso a ƙasa. Ya ce kakan kakansa a 'Yandoto yake kwance. Mahaifinsa ya taɓa zuwa ziyara tun yana da ƙarfi, wata mata ta nuna masa, kuma kafin ya rasu ya yi masa wasiyya ya zo ko sau ɗaya. Na ce masa matar ta rasu. Ya yi salati, ya yi mata addu'a, sannan ya ce ba komai, ai an ba shi alama. Rabin dutsen niƙa ne, ja, a kife, da wani rami a bayansa kamar an dasa babban yatsa.

Na san dutsen. Ranar gayya mutum biyu suka kasa ɗaga shi, na ture su, na yi gammo da hulata na ɗauke shi ni kaɗai, makaɗi na kiran sunana.

Na kai shi kufai. Ban sha wuyar nema ba, yana nan a kusurwar shinge inda na jefa shi. Baƙon ya tsuguna, ya sa yatsansa a ramin, hawaye ya zubo masa. Ya buɗe hannu zai fara addu'a. Da na yi shiru, da ya yi addu'arsa ya koma gida da farin ciki. Na ce, "Malam, dakata. Ba nan yake ba. Ni na ɗauko dutsen na kawo nan."

Ya dube ni, bai yi faɗa ba. Ya ce, "To ai da sauƙi, tunda kai ka ɗauko. Mu mai da shi inda yake."

Ya kama mini, na aza a kai, na shiga fili yana biye da ni. Na bi sahun farko har ƙarshe. Na juyo ta na biyu. Na tsaya inda nake jin kamar nan ne, na dubi tsamiya, na dubi ganuwa, sai in ga kamar can ne. Damina ta bi ta kan aikinmu, ciyawa ta fito ta bushe, kowane tudu kamar ɗan'uwansa, yadda muka so. Na je gabas na dawo, na sake zagayawa. Wuyana ya fara rawa, gumi na shiga mini ido, ina jin ƙarar takalmin mutumin nan a bayana.

Da rana ta take, tausayi ya kama shi. Ya taɓa kafaɗata ya ce, "Bawan Allah, ka gaji. Sauke haka nan."

Na ce, "A ina?"